Koyon zane a tsarin atiliye

Koyon zane a tsarin atiliye hanya ce ta horar da masu zane wadda ta samo asali daga Turai, inda ɗalibai kaɗan ke zama a ɗakin aikin wani ƙwararren mai zane tsawon shekaru, suna koyon zana abu kamar yadda ido ke ganinsa. Ɗalibi yakan fara da kwaikwayon zanen da aka riga aka buga a takarda, daga nan ya koma zana mutum-mutumin filasta, sannan ya zana mutum mai rai, kuma sai hannunsa ya faɗa a waɗannan matakai ake barinsa ya taɓa fenti mai launi. Tsarin ya yi tashe a Italiya da Faransa daga ƙarni na 15 zuwa na 19, ya ja baya a ƙarni na 20, sannan ya sake farfaɗowa a wasu makarantu masu zaman kansu a Amurka da Turai.

Asalin suna

Kalmar atiliye ta fito ne daga Faransanci, inda ake rubuta ta atelier, ma'anarta kuwa ɗakin aiki ko shagon mai sana'a. A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da suka saba da Faransanci, ana ganin kalmar a allunan shagunan teloli da kafintoci da masu walda. A fagen zane, tana nufin ɗakin da malami ke aiki a ciki tare da ɗalibansa. Italiyawa suna kiran irin wannan wuri bottega.

Zamanin shagunan ƙwararru

Kafin a kafa makarantun fasaha, zane sana'a ce kamar ƙira ko saƙa, kuma ƙungiyoyin 'yan sana'a ne ke tsara yadda ake koyonta. Iyaye kan kai yaro wurin ƙwararre tun yana ɗan shekara goma sha, a ƙulla yarjejeniya a rubuce. Yaron zai yi shara, ya niƙa launuka a kan dutse, ya dafa manne, ya gyara allunan katako da za a yi zane a kansu, a lokaci guda kuma yana kwaikwayon zanen maigidansa.

Wani mai zane ɗan yankin Tuscany, Cennino Cennini, ya rubuta littafi mai suna Il Libro dell'Arte a wajajen shekarar 1400, inda ya bayyana wannan horo dalla-dalla. A shawararsa, ɗalibi zai yi shekara 1 yana zane a ɗan ƙaramin allo, ya yi shekara 6 yana koyon haɗa kayan aiki, sannan ya ƙara wasu 6 yana koyon shafa fenti, jimilla shekara 13. Shi kansa Cennini ya yi shekara 12 a hannun malaminsa Agnolo Gaddi.

Manyan masu zanen zamanin da ake kira Renaissance, wato Farfaɗowa, ta wannan hanya suka taso. Leonardo da Vinci ya yi koyo a shagon Andrea del Verrocchio a birnin Florence, shi kuma Michelangelo an kai shi wurin Domenico Ghirlandaio a 1488 yana da shekara 13. A wannan zamani ne aka tsara ilimin nesa da kusa, wato dokokin lissafi da ke sa zane a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ya yi kamar yana da zurfi. Filippo Brunelleschi ya yi gwaje-gwajensa a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta dokokin a littafinsa De pictura a 1435. Masanan Italiya na lokacin sun amfana da Kitab al-Manazir na Ibn al-Haytham, littafi kan haske da gani wanda aka fassara daga Larabci zuwa Latin.

Kafa makarantun fasaha

A 1563 aka kafa Accademia delle Arti del Disegno a Florence bisa shawarar Giorgio Vasari, da goyon bayan mai mulkin birnin, Cosimo na I de' Medici. Manufarta ita ce a ɗaga darajar mai zane daga ɗan sana'ar hannu zuwa mai ilimi. Vasari ya ɗauki zanen layi, wanda Italiyawa ke kira disegno, a matsayin tushen zanen fenti da sassaƙa da tsara gine-gine. A Bologna, dangin Carracci sun buɗe makarantarsu a wajajen 1582, suka ba da muhimmanci ga zana mutum mai rai. Makarantar San Luca ta birnin Rum ta fara aiki sosai a 1593 a ƙarƙashin Federico Zuccari.

Faransa ce ta mayar da koyon zane tsarin gwamnati. A 1648 aka kafa makarantar sarauta ta zanen fenti da sassaƙa a Paris, wadda Charles Le Brun ya zama jigonta a zamanin Sarki Louis na XIV. A 1663 aka ƙirƙiro gasar Prix de Rome, wadda ke bai wa ɗalibin da ya yi fice damar zuwa Rum ya yi karatu da kuɗin gwamnati. Makarantar ta jera nau'o'in zane bisa daraja: zanen tarihi da addini ne a sama, sai hoton mutum, sai al'amuran yau da kullum, sai shimfiɗar ƙasa, a ƙarshe kuma zanen kayayyaki marasa rai kamar tulu da 'ya'yan itace. Da yake zanen tarihi cike yake da mutane, iya zana jikin ɗan Adam ya zama babban ma'aunin gwaninta. Ingila ta bi sahu a 1768 da kafa Royal Academy a Landan, Joshua Reynolds ya zama shugabanta na farko.

An rushe makarantar sarautar Faransa a 1793 lokacin juyin juya hali, amma koyarwarta ta ci gaba a makarantar da aka sani da École des Beaux-Arts. A yawancin ƙarni na 19, makarantar tana koyar da zanen layi ne da darussan ƙirar jiki da na nesa da kusa, ɗalibai kuma su je ɗakunan aikin manyan masu zane su koyi fenti, suna biyan kuɗi. Gyaran da aka yi a 1863 ya shigar da ɗakunan aikin cikin makarantar, aka damƙa su ga Jean-Léon Gérôme da Alexandre Cabanel da Isidore Pils. Ba a fara karɓar mata a École des Beaux-Arts ba sai 1897. Kafin wannan lokaci, mata da baƙi da yawa sun yi karatu ne a Académie Julian, makaranta mai zaman kanta da Rodolphe Julian ya buɗe a 1868.

Matakan koyo

Matakin farko shi ne kwaikwayon zanen da aka buga. An fi sanin kundin Cours de dessin na Charles Bargue, wanda ya shirya tare da Gérôme, kamfanin Goupil kuma ya buga shi tsakanin 1866 da 1871. Kundin yana da faifai 197 na bugun dutse, an kasa su gida uku: zanen sassan mutum-mutumi, kwafin ayyukan ƙwararru, da zanen jikin namiji a tsaye ko a zaune. A faifan farko-farko, ana nuna abu sau biyu, ɗaya da miƙaƙƙun layuka kaɗan da ke nuna kusurwoyinsa, ɗaya kuma a kammale da inuwa. Da haka ɗalibi ke gane cewa babban siffa ake fara kamawa kafin ƙananan bayanai. Vincent van Gogh ya kwaikwayi faifan a 1880 da 1881 lokacin da yake koya wa kansa zane, ya kuma koma kansu a 1890, shekarar da ya rasu. Pablo Picasso ma ya kwaikwaye su yana yaro a makarantar fasaha ta A Coruña a Sifen.

Mataki na biyu shi ne zana mutum-mutumin filasta, wanda galibi kwafi ne na sassaƙen tsohuwar Girka da Rum. Akan fara da ido ko kunne ko tafin ƙafa, sannan kai, sannan jiki gaba ɗaya. An zaɓi filasta ne don fari ne fat, ba ya motsi, kuma ba shi da launin da zai rikita ido. Ana ajiye shi inda haske ke zuwa daga gefe guda, yawanci daga tagar arewa, domin a Turai hasken wannan ɓangare ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma. Zane ɗaya na iya cin makonni.

Mataki na uku shi ne zana mutum mai rai. Wanda ake zanawa yakan tsaya a yanayi guda na ɗan lokaci, ya huta, ya koma daidai inda yake, kuma akan yi alama a ƙasa don kada ƙafafunsa su sauya wuri. Ana maimaita tsayuwa ɗaya kwanaki a jere. A makarantun Turai, bisa al'ada, mutumin yakan tsaya ba tufafi don a ga yadda ƙashi da tsoka ke aiki.

Mataki na huɗu shi ne fenti. Ɗalibi kan fara da fari da baƙi da toka-toka kawai, salon da Faransawa ke kira grisaille, don ya saba da buroshi da fentin mai ba tare da damuwar launi ba. Daga nan a ba shi launuka uku ko huɗu, yawanci na ƙasa kamar rawayar ƙasa da jar ƙasa, kafin a sakar masa sauran.

Dabaru

Awo shi ne ginshiƙin horon. A awon kwatance, mai zane yana miƙa hannunsa da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya ɗauki tsawon wani sashe, misali kai, ya auna sauran jiki da shi. Tsawon babban mutum yakan kai ninki bakwai da rabi zuwa takwas na tsawon kansa. A ɗaya hanyar, wadda ake iya kira awon girman gani, ana tsayar da allon zane kusa da abin da ake zanawa, mai zane ya ja baya zuwa wani wuri da ya yi wa alama a ƙasa, inda zai ga abin da zanen da girma ɗaya. Daga can yake dubawa, ya taka zuwa allo ya ja layi, ya koma ya sake dubawa. Ana amfani da zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, don gane waɗanne sassa ne ke kan layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Wasu na duba aikinsu a madubi, saboda juyewar hoto tana tona kuskuren da ido ya riga ya saba da shi.

Bayan awo sai haske da inuwa. Ana koya wa ɗalibi ya fara raba abu gida biyu, ɓangaren da haske ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Sannan ya lura da wurin da haske ya fi ƙyalli, da tsaka-tsakin da ke tsakanin haske da duhu, da layin da inuwa ta fi kauri, da ɗan hasken da ke dawowa cikin inuwa daga bango ko tebur, da kuma inuwar da abin ke jefawa a ƙasa. Daidaita waɗannan ne ke sa da'ira a takarda ta zama kamar ƙwallo.

Ilimin ƙirar jiki ma darasi ne na dole. Leonardo da Michelangelo sun feɗe gawarwaki don su fahimci tsoka, kuma littafin likita Andreas Vesalius na 1543 ya zo da zane-zanen da masu fasaha suka daɗe suna amfani da su. A makarantu akan ajiye kwarangwal da mutum-mutumin da aka sassaƙa ba fata, wanda ya fi shahara shi ne na Jean-Antoine Houdon na 1767.

Kayan aiki

Gawayin zane ana yinsa ne daga siraran rassan itace, musamman na inabi da na wata bishiyar bakin ruwa ta Turai, waɗanda ake ƙonawa a rufe. Yana da saukin gogewa, shi ya sa masu koyo suka fi amfani da shi. A ƙarni na 15 an yi amfani da tsinken azurfa a kan takardar da aka shafa wa garin ƙashi, kuma layinsa ba ya goguwa da sauƙi. Akwai kuma jan alli da baƙin alli da farin alli. Fensir ya samo asali ne daga ma'adinin girafait da aka gano a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16. A 1795 Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya gano yadda ake cuɗa garin girafait da yumɓu a gasa, kuma yawan yumɓun ne ke sa fensir ya yi tauri ko laushi. A yau harafin H yana nuna mai tauri, B kuma mai laushi da baƙi. Kafin magogin roba ya yaɗu, da tsakiyar burodi ake goge kuskure. Ana kuma murza inuwa da naɗaɗɗiyar takarda mai tsini.

Ja da baya

Tun a ƙarni na 17 ake gardama a makarantar Paris tsakanin masu fifita layi, waɗanda suka riƙi Nicolas Poussin abin koyi, da masu fifita launi, waɗanda suka riƙi Peter Paul Rubens. A ƙarni na 19 an sake irin wannan tsakanin magoya bayan Ingres da na Delacroix. Amma abin da ya girgiza tsarin ya zo ne daga waje. Bayyanar hoton kyamara a 1839 ta rage buƙatar mai zane wajen ɗaukar kamannin mutum. A 1863 alƙalan babban baje kolin Paris sun ƙi ayyuka masu yawa, har Napoleon na III ya ba da umarni a buɗe wa waɗanda aka ƙi nasu baje kolin. Claude Monet da Auguste Renoir da Alfred Sisley da Frédéric Bazille, waɗanda suka haɗu a ɗakin aikin Charles Gleyre, sun koma zane a fili suna bin sauyin hasken rana. A 1874 Monet da Renoir da Sisley da wasu abokansu suka shirya baje kolin kansu, wanda daga shi aka laƙaba musu sunan Impressionist.

Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919 ta zo da sabon darasin share fage, wanda ya dogara kan gwajin siffa da launi da kayan aiki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, makarantun fasaha da yawa a Amurka da yammacin Turai sun bi wannan hanya, wasu suka kwashe mutum-mutumin filastarsu zuwa ɗakin ajiya, wasu suka zubar. Faransa ta soke tsohuwar gasar Prix de Rome a 1968. A Tarayyar Sobiyet kuwa an riƙe horon, musamman a Cibiyar Repin ta Leningrad. Haka ma a Sin, inda Xu Beihong, wanda ya yi karatu a Paris, ya shugabanci babbar makarantar fasaha ta Beijing da aka kafa a 1950.

Farfaɗowa

A birnin Boston na Amurka, R. H. Ives Gammell ya ci gaba da koyar da ɗalibai kaɗan a ɗakin aikinsa. Malaminsa William McGregor Paxton ɗalibin Gérôme ne, don haka salsalar koyarwarsa tana komawa Paris ta ƙarni na 19. A littafinsa Twilight of Painting na 1946, Gammell ya yi gargaɗin cewa ilimin da ake miƙawa daga malami zuwa ɗalibi zai iya ɓacewa idan tsara ɗaya ta wuce ba ta karɓe shi ba. Ɗalibinsa Richard Lack ya buɗe Atelier Lack a Minneapolis a 1969. Daniel Graves ya kafa Florence Academy of Art a 1991, Jacob Collins kuma ya kafa makarantar da yanzu ake kira Grand Central Atelier a New York. A 2003 Gerald Ackerman ya sake fitar da kundin Bargue a littafi ɗaya, abin da ya sa masu koya wa kansu zane a gida suka same shi cikin sauƙi. Yawancin waɗannan makarantu suna ɗaukar shekara uku zuwa huɗu. Kamfanonin fina-finan zane da na wasannin kwamfuta ma suna neman masu wannan horo, saboda aikinsu yana buƙatar sanin ƙirar jiki da haske.

A Najeriya

Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan jaridu da littattafai. A 1920 ya tafi Turai, ya yi karatu a makarantar fasaha ta St John's Wood a Landan da Académie Julian a Paris, ya dawo a 1922 ya koyar a makarantun Legas. Shi ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta kawo malamin fasaha, aka kawo Kenneth Murray a 1927. Ra'ayin mutanen biyu ya bambanta: Onabolu yana son ɗalibai su ƙware a awo da nesa da kusa irin na Turai, Murray kuma yana son su ɗora aikinsu kan fasahar garuruwansu. Cikin ɗaliban Murray akwai Ben Enwonwu, wanda daga baya ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan.

A 1955 aka mayar da sashen fasaha na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, inda malamai Turawa ke koyarwa bisa manhajar Birtaniya. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Fasaha ta Zariya. Sun riƙe dabarun da suka koya a aji, suka nemi haɗa su da fasahar gida. Okeke, alal misali, ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Kwalejin ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma sashen fasaharta ya yaye malamai da masu zane da yawa a faɗin ƙasar.

A ƙasar Hausa akwai tsofaffin hanyoyin koyon zane a hannun ƙwararre da ba su da alaƙa da tsarin Turai, kamar zayyanar Alƙur'ani da allo, da adon bangon gidaje da magina ke yi, da aikin wuyan babbar riga, da zanen ƙwarya. Waɗannan sun fi karkata ga layuka da siffofin ado a kan zana halittu.

Muhawara

Masu goyon bayan tsarin suna cewa iya zane abu ne da ake koya mataki-mataki kamar karatu, kuma wanda ya ƙware a awo da inuwa yana da zaɓin bin kowane salo daga baya. Sukan kafa hujja da Picasso da Henri Matisse, waɗanda suka bi ta wannan horo kafin su fito da sabbin salo. Masu suka kuma suna cewa ayyukan ɗaliban atiliye kan yi kama da juna, kuma dogaro da awon girman gani yana iya raunana iya zane daga ƙwaƙwalwa ko zana abin da ke motsi. Wasu na nuni da cewa ma'aunin kyau da tsarin ya gada na Girka da Rum ne, bai kamata a ɗauke shi ma'aunin duniya duka ba. Tsadar karatun ma matsala ce, domin yawancin makarantun masu zaman kansu ne, kuma da yawansu ba sa ba da digiri.

A al'ummomin Musulmi, malamai sun yi saɓani kan hukuncin zana masu rai, kuma zana mutum ba tufafi ya saɓa wa tarbiyyar jama'a da dama. Saboda haka wasu malaman zane sukan koyar da awo da haske da inuwa ta hanyar kayan gida, tsirrai, gine-gine, naɗin tufafi da mutum cikin sutura.